Yadda ake nazarin halittun bakin teku bisa hanyar Philip Henry Gosse

Philip Henry Gosse, wanda aka haifa a garin Worcester na ƙasar Ingila a 1810 kuma ya rasu a 1888, bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma shi ne ya koya wa mutanen Birtaniya na zamaninsa su durƙusa a gaban kududdufin dutse a bakin teku su duba abin da ke raye a cikinsa. Halittun da ya fi ba ƙarfinsa su ne marasa ƙashin baya, wato furen teku da murjani da ƙaguwa da dodon koɗi da tsutsotsin ruwa da makamantansu. Hanyar da ya bi ba ta buƙatar ɗakin bincike ko dukiya mai yawa, don haka har yau ɗalibi ko ma'aikacin da zama ya kai shi wani gari na gaɓar teku zai iya bin ta. Sai dai akwai ɓangaren aikinsa da ya jawo ɓarna, kuma wajibi ne mai bin sawunsa ya san abin da zai riƙe da abin da zai bari.

A garin Poole da ke gaɓar kudancin Ingila ya tashi, mahaifinsa kuwa mai zanen ƙananan hotunan mutane ne da ke yawo gari-gari neman aiki. Yana ɗan shekara 17 aka tura shi aikin akawu a Carbonear da ke tsibirin Newfoundland, kuma a can ne a 1832 ya sayi wani tsohon littafi a gwanjo wanda ke bayani kan na'urar ƙara girman ƙananan halittu, daga nan ya duƙufa kan nazarin ƙwari. Ya gwada noma a Kanada bai ci riba ba, ya koyar da yara a Alabama ta Amurka, ya koma Ingila a 1839 hannu wofi, sannan ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a Jamaika yana nazarin tsuntsaye. A 1852, lokacin da ya haura shekara 40 kuma rashin lafiya ya tilasta masa barin Landan, ya sauka a gaɓar yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, da farko a St Marychurch kusa da Torquay, daga baya a Ilfracombe, inda ya sami aikin da aka fi saninsa da shi. Tun kafin haka ya riga ya koka a rubuce cewa masana halitta na zamaninsa sun mai da iliminsu nazarin matattun abubuwa, busassun fatu da gawarwakin da aka tsoma a kwalba, alhali abin da ya dace a sani shi ne yadda halitta take ci da motsi da haihuwa a inda Allah ya ajiye ta. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista ƙwarai, kuma kallon ƙananan halittu a wurinsa kallon ikon Mahalicci ne. Wannan matsayi nasa, cewa a yi nazarin halitta tana raye, shi ne ginshiƙin duk matakan da ke biye.

Sanin lokacin teku

Kafin a sayi ko da bokiti, dole a fara koyon yadda teku yake cikowa da janyewa, domin wurin da za a yi aikin yana ƙarƙashin ruwa ne a mafi yawan lokaci. A gaɓar Birtaniya teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin kusan awa 24 da minti 50, wanda ke nufin lokacin janyewarsa yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya shi ne sanadin wannan, kuma wanda ya saba lissafin kwanan wata zai fahimci al'amarin da sauri: a kusa da tsayuwar sabon wata da kuma kusa da daren sha huɗu, wata da rana suna ja a kan layi ɗaya, sai teku ya ciko sosai kuma ya janye nesa sosai. A kwanakin da wata yake rabi kuwa, motsin ruwan kaɗan ne. Janyewa mafi nisa takan zo kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa, kuma mafi girma a shekara tana faɗuwa ne a wajajen Maris da Satumba. Waɗannan su ne ranakun da ƙasan gaɓa ke buɗewa, inda halittun da ba sa jure iska suke zaune. A Devon da maƙwabciyarta Cornwall an yi dace babbar janyewa tana zuwa ne wajen tsakar rana, lokacin da haske ya wadata.

Kowace tashar jiragen ruwa tana da jadawalin da ke nuna awa da tsayin ruwa na kowace rana, ana samunsa a intanet da kuma shagunan bakin teku, kuma jadawalin gari ɗaya ba ya aiki a wani gari. A isa gaɓa awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, a bi shi a baya yana sauka, sannan da zarar ya juyo a fara hawowa. Dalilin wannan tsari shi ne ruwan ba ya cikowa da gudu iri ɗaya. A awa ta farko yana hawa a hankali har mutum ya saki jiki, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin dukkan cikowar ke aukuwa. A Ilfracombe, inda bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa yakan wuce mita 8 a manyan ranaku, hakan na nufin ruwa zai iya hawa mita 2 a cikin awa guda, kuma yakan zagayo ta bayan mutum ya cika kwazazzabon da ya tsallako ɗazu. Kada mutum ya je shi kaɗai, a sanar da wani inda aka nufa da lokacin dawowa, kuma idan ruwa ya tare hanya a Birtaniya a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓa. Wanda yake Accra zai iya yin wannan nazari a wuraren da gaɓar take da duwatsu, amma a can bambancin ruwan bai kai mita 2 ba, haɗarin da ya fi girma shi ne ƙarfin igiyar ruwa.

Kayan aiki

Gosse yakan fita da kwando cike da kwalabe masu faɗin baki, da koma ta yadi mai laushi, da guduma da cizal na ƙarfe, wani lokaci har da sandar ƙarfe ta ɗaga duwatsu. Da cizal yake fasa ɓangaren dutsen da furen teku ko murjani ya manne a kai ya tafi da shi gida. A nan ne ya kamata a rabu da shi. Littattafansa sun karɓu matuƙa, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa gaɓa, sai jama'a da 'yan kasuwa suka yi ta kwasar halittu don sayarwa da ƙawata falo. Ɗansa Edmund, wanda yake riƙe masa kwando tun yana yaro, ya rubuta a 1907 cewa kududdufan da ya sani cike da rai an wawashe su, kuma mahaifinsa ya ji zafin rawar da rubutunsa ya taka a wannan asara. Ni a ganina babu wani dalili da zai sa mai koyo a yau ya ɗauki guduma zuwa bakin teku, tunda kyamarar waya tana yin aikin da a da sai an fasa dutse.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: takalmi mai riƙe dutse, domin koriyar ciyawar teku tana da santsi ƙwarai, farin bokiti ko farar roba mai faɗi, saboda ƙananan halittu sun fi fitowa a kan fari, ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, ɗan ma'aunin tsayi, littafin rubutu da fensir, tunda biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, da littafin gane halittu na yankin da ake ciki. Koma ba dole ba ce, kuma sau da yawa tana karya ƙafafun jatan lande da ƙananan ƙaguwa, don haka ya fi kyau a nutsar da roba a bar halittar ta shiga da kanta.

A kan duwatsu

Gaɓar dutse a jere take hawa-hawa, kuma kowane hawa da mazaunansa, gwargwadon awannin da yake yi a bushe. A sama akwai waɗanda ke jure rana da iska, kamar ƙananan dodon koɗi da ke ɓuya a tsagar dutse. A tsakiya ake samun banakul, wasu ƙananan halittu masu farin kwanso da suka lulluɓe dutse dubbai, da limfet, wanda kwansonsa yake da siffar malfa, da jan furen teku. A ƙasa, inda ruwa ba ya barin wurin sai a manyan ranaku, nan ne tauraron teku da soson teku da murjani suke. A wata babbar janyewa a Ilfracombe a 1852 Gosse ya gano wani ɗan ƙaramin murjani mai launin ja da ruwan zinari wanda masana ba su san da shi ba, ya sa masa suna Balanophyllia regia, sunan da yake amsawa har yau. Saboda haka mai nazari ya fara daga ƙasa tun ruwa yana nesa, ya bar na sama sai lokacin dawowa.

Idan aka isa kududdufi, aikin farko shi ne a zauna shiru. A zauna ta inda inuwar mutum ba za ta faɗa kan ruwan ba, a yi minti goma ba a taɓa komai ba. Da farko wurin zai yi kamar babu kowa, daga baya sai a ga jatan lande mai jiki garau ya fito daga ƙarƙashin ciyawa, kwanson da aka zaci fanko ne ya miƙe ya kama tafiya, banakul ya buɗe ƙofarsa yana kaɗa ƙafafunsa masu gashi yana tace abinci daga ruwa. Wannan kaɗawar tana da tarihi, domin an daɗe ana lissafa banakul cikin dangin dodon koɗi saboda kwansonsa, har sai da wani likitan soja mai suna John Vaughan Thompson ya bi rayuwar 'ya'yansa a 1830 ya nuna cewa ɗan'uwan ƙaguwa ne. Shi ma Charles Darwin shekara takwas ya yi, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wannan halitta da mutane ke takawa ba su lura ba.

Furen teku ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne abin da Gosse ya fi ƙwarewa a kai, kuma littafinsa Actinologia Britannica na 1860 ya daɗe yana zama madogarar masana a Birtaniya. Duk da sunansa da kamanninsa, dabba ce mai farauta. Jikinsa ginshiƙi ne mai laushi da ya manne a dutse, a samansa akwai baki guda da yatsu suka kewaye, kuma a jikin yatsun akwai dubban ƙananan ƙwayoyin harbi masu dafi da yake shanye jikin abin da ya taɓa shi. Wanda aka fi gani shi ne Actinia equina, wanda idan ruwa ya janye yakan haɗiye yatsunsa ya zama jan dunƙule mai sheƙi, idan ruwa ya dawo kuma ya buɗe yatsun da za su iya kaiwa 192. A gindin yatsun akwai zoben shuɗɗan ɗigo, waɗanda makamai ne da yake faɗa da maƙwabcinsa a kan wurin zama, faɗan da yake tafiya a hankali har sai mai haƙuri ne zai gan shi. 'Ya'yansa a cikinsa suke girma, ya fitar da su ta baki. Wani iri kuma, Anemonia viridis, yana da dogayen yatsu kore masu bakin shunayya, ba kasafai yake janye su ba, kuma yana son wuri mai haske domin akwai ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin namansa suna samar masa da wani ɓangare na abincinsa. Wannan yakan yi wa fata mai laushi harbi, don haka kada a taɓa shi sannan a taɓa ido ko leɓe.

Wajen gane iri, kada a dogara da launi kaɗai. Iri ɗaya yana iya zama ja ko kore ko ruwan ƙasa, sannan akwai wani ja mai ɗigon kore da a zamanin Gosse ake ɗauka launi ne kawai na Actinia equina, sai a ƙarni na 20 bincike ya tabbatar da cewa iri ne mai zaman kansa. A duba ko ginshiƙin sumul yake ko yana da ƙuraje, ko tsakuwa da ɓaraguzan kwanso suna manne masa, ko yatsun gajeru ne masu kauri ko dogaye sirara, ko yana janye su idan an taɓa ruwan kusa da shi, da kuma hawan gaɓar da aka same shi.

Juya duwatsu yana cikin aikin, kuma a nan ne mai koyo ya fi yin ɓarna ba da niyya ba. A ƙarƙashin dutse ake samun soso da ƙwai da ƙananan ƙaguwa masu faɗin jiki da taurarin teku masu siraran hannuwa, dukkansu masu son duhu da danshi, yayin da saman dutsen yake ɗauke da ciyawa mai buƙatar haske. Idan aka bar dutse a kife, na ƙasa za su bushe na sama kuma su ruɓe, ƙaramar duniyar da ta ɗauki shekaru tana haɗuwa ta lalace a yini guda. A ɗaga dutsen da hannu biyu, a duba, a ɗauki hoto, a mai da shi a hankali yadda yake tun farko. Ƙaguwa ana riƙe ta ne ta gefen bayanta da yatsa biyu, kuma a kula da wata mai jajayen idanu da jiki mai laushin gashi, domin tana da zafin kai. Kada a haɗa ƙaguwa biyu a bokiti ɗaya, kada a bar bokiti a rana, kuma kada a ɓamɓare limfet daga dutse, saboda kowane ɗaya yana da gurbinsa da bakin kwansonsa ya dace da shi daidai, can yake komawa bayan ya gama kiwo don ya riƙe danshi, wanda aka ɓamɓare da ƙarfi kuwa sau da yawa ba ya rayuwa.

Rubutu da zane

Bambancin mai nazari da mai yawon buɗe ido yana cikin littafin rubutunsa. A kowace fita a rubuta kwanan wata da awa, da sunan wurin daidai, da tsayin ruwa bisa jadawali, da yanayin sama, sannan ga kowace halitta a rubuta hawan da take, da irin wurin da ta manne, da girmanta, da yawanta, da abin da aka ga tana yi. A raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata, kuma idan ba a tabbatar da suna ba a sa alamar tambaya. Gosse ya gaji hannun zane daga gidansu, kuma hotunan launi da ke littattafansa daga rayayyun halittu ya zana su. Ina ba da shawara a yi zane ko da hannun bai ƙware ba, domin wanda zai zana furen teku dole ya ƙirga zoben yatsunsa ya lura da siffar bakinsa, abubuwan da mai ɗaukar hoto yake wucewa a cikin daƙiƙa guda. A yi duka biyun, a sa ma'auni a gefen halittar lokacin ɗaukar hoto.

Ya fi amfani a zaɓi gaɓa ɗaya a riƙa komawa gare ta wata-wata da a yi ta yawo wurare da yawa. Irin wannan naci ne ya sa ƙidayar banakul da masana Alan Southward da Dennis Crisp suka fara a shekarun 1950 ta zama hujja a yau kan yadda irin banakul mai son ruwan ɗumi ke ƙaruwa a gaɓar Birtaniya, mai son ruwan sanyi kuma yana ja da baya. Mai koyo zai iya sa hotunansa a manhajar iNaturalist, inda masana ke taimakawa wajen tabbatar da suna, kuma ƙungiyar nazarin halittun teku da aka kafa a 1884, wadda ɗakin bincikenta yake Plymouth, tana amfana da bayanan masu sa kai.

Ajiye halitta a akwatin gilashi

Kallon minti goma a kududdufi ba ya nuna dukkan rayuwar halitta, shi ya sa Gosse ya mai da hankali kan yadda za a ajiye ta a gida tana raye. Ba shi ne farko ba. Wata mata mai suna Anna Thynne ta ajiye murjanin da ta ɗebo daga Torquay a gidanta na Landan tun daga 1846, tana sa a riƙa zuba ruwan daga mazubi zuwa mazubi don iska ta shige shi, kuma masanin haɗa sinadarai Robert Warington ya bayyana a 1850 yadda tsirrai da dabbobi suke taimakon juna a ruwa guda. Gosse ne ya yayata abin. Shi ya samar da halittu masu yawa ga gidan kifi na gidan namun dajin Landan da aka buɗe a 1853, akwariyam (wurin ajiye halittun ruwa a raye cikin gilashi) na farko da jama'a ke shiga, sannan littafinsa The Aquarium na 1854 ya sa gidaje da yawa suka sayi akwatin gilashi, musamman da yake an soke harajin gilashi a 1845.

Wanda zai gwada ya fara da akwati mai faɗi marar zurfi sosai, domin ta saman ruwa iskar oksijin take shiga. A zamanin Gosse an dogara da tsirrai wajen samar da iskar, amma tsirrai da dare su ma shaƙa suke yi, saboda haka ƙaramin famfon iska na lantarki ya fi aminci. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishirin girki kaɗai ba ya wadatarwa. Gosse ya wallafa haɗinsa a 1854, wanda ya ƙunshi gishirin girki da gishirin Epsom da wasu gishiri biyu na magnesiyam da potasiyam, a yau kuwa ana sayar da haɗaɗɗen gishirin akwariyam, a auna shi da ma'aunin nauyin ruwa har ya kai wajen 1.026. A yi alama a jikin gilashi daidai bakin ruwa tun ranar farko. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, a cika da ruwa marar gishiri wanda babu sinadarin kulorin a cikinsa, domin ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan.

Kada a sa dabba a ranar da aka zuba ruwa. Shawarar Gosse ita ce a fara sa ciyawar teku, kore ko ja, a guji manyan masu ruwan ƙasa saboda suna fitar da yauƙi su ɓata ruwa, sannan a jira. Ya yi daidai a kan jiran, ko da yake cikakken dalilinsa daga baya aka gane shi. Kashin dabbobi yana fitar da sinadarin amoniya mai guba, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun yaɗu a kan tsakuwa da duwatsun akwatin kafin su riƙa juya shi zuwa abin da ba ya kisa, aikin da yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Tekun kudu maso yammacin Ingila yana tsakanin digiri 8 da 17 a ma'aunin Selsiyas a tsawon shekara, don haka a ajiye akwatin a wuri mafi sanyi a gida, nesa da taga mai rana da na'urar ɗumama ɗaki.

A fara da halittu kaɗan masu juriya: furen teku ja guda biyu, jatan lande kaɗan, da 'yan dodon koɗi waɗanda za su riƙa kankare gansakuka daga gilashi. A ciyar da furen teku ɗan ƙaramin yankin naman jatan lande ko na kifi sau ɗaya ko biyu a mako, a ɗora masa a kan yatsunsa, a kwashe abin da ya rage da tiyo kafin ya ruɓe. Kowace safiya a ƙirga mazaunan akwatin, domin gawa ɗaya da ta ɓuya a bayan dutse tana iya kashe sauran. Idan aka kula da shi, furen teku yana da tsawon rai na ban mamaki. Sir John Dalyell na Edinburgh ya ɗauko wani a North Berwick da ke gaɓar Scotland a 1828, ya ajiye shi a kwalba yana sauya masa ruwa, furen ya haifi ɗaruruwan 'ya'ya, ya wuce mai shi wanda ya rasu a 1851, bai mutu ba sai a 1887.

Amfanin akwatin shi ne abin da yake bari a gani. Akwai wata ƙaguwa da ba ta da kwanso mai ƙarfi a bayanta, sai ta shiga kwanson dodon koɗin da ya mutu, kuma wani irin furen teku yana zaune a kan kwanson yana kare ta da dafinsa, shi kuma yana cin ragowar abincinta. An yi ta tambayar abin da ke faruwa da furen idan ƙaguwar ta girma ta sauya gida. A 1859 Gosse ya ba da labarin abin da ya gani a akwatinsa, cewa ƙaguwar da kanta take ɗauko furen da hannuwanta ta riƙe shi a jikin sabon kwanson har ya manne. Babu yadda za a san wannan daga gawar da ke cikin kwalba.

Kafin a ɗauki komai daga gaɓa a binciki dokar wurin, domin akwai wuraren da aka haramta, kamar wani ɓangare na ruwan tsibirin Lundy da ke kusa da gaɓar Devon, wanda Gosse ya ziyarta a 1852, inda tun 2003 ba a yarda a cire wata halitta ba. A ɗauki furen da yake manne a ƙaramin dutse ko kwanson da za a iya ɗagawa gaba ɗaya, a bar wanda yake jikin babban dutse, kuma a bar murjani da duk abin da ba a ga irinsa da yawa a wurin ba. A rubuta kududdufin da aka ɗauko kowace halitta, a riƙe ta na 'yan makonni, sannan a mai da ita can a lokacin da ruwa ya janye, a sa ta a inuwa a ƙarƙashin ruwa. Idan an taɓa haɗa ta a akwati ɗaya da halittar da aka saya a shago ko aka kawo daga wata gaɓa, kada a mai da ita teku, kuma ruwan akwatin ma kada a zubar da shi a can, saboda yana iya ɗauke da cuta ko ƙwan baƙon iri.